Tudu, matse hanya ko toshe ta: wanne ya dace da layinku?

Akwai wani riƙo da iyaye ke yi wa yaro a ƙofar gida, duk wanda ya taɓa reno ya san shi. Wuyan hannu ake damƙa, domin tafin hannu yana zamewa. Uwa na tsaye tana gaisawa da maƙwabciyarta, bakinta na magana, idonta kuwa yana can bakin layi inda motoci ke karyo kwana daga babban titi. Yaron na ta fizga, yana son ya tsallaka wajen abokinsa da ke ɗaya gefen, tazarar da ba ta kai taku goma ba, amma ba za ta sake shi ba. Duk layin da ya kai wannan matsayi ya riga ya fita daga hannun mazaunansa, ko da ba a taɓa kaɗe kowa a cikinsa ba.

Ranar da tura ta kai bango, ko ranar da aka ji ƙarar birki kowa ya fito a guje, sai shawarwari su yi ta zuwa. Wani ya ce a kafa allo a rubuta iyakar gudu, wani ya ce a zuba tudun rage gudu. Akwai mai cewa a matse hanyar, akwai mai cewa a toshe ta kowa ya huta, akwai kuma wanda ya ji labarin layukan da mota da yara ke raba fili ɗaya. Duk waɗannan an gwada su a garuruwa da dama, shekara hamsin ke nan ko fiye, an kuma san abin da kowanne ke iyawa da inda yake gazawa. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cutar layi iri biyu ce, gudu da yawan mota, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayar.

Batun gudu lissafi ne. Mota mai tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, mai tafiyar 30 kuwa mita 8 da ɗoriya. A ce yaro ya ɓullo daga bayan motar da aka ajiye, direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai kan birki. A busasshiyar kwalta da birki mai kyau, mai gudun 30 zai tsaya cak bayan kimanin mita 13. Mai gudun 50 yana buƙatar wajen mita 28, kuma a daidai inda na farko ya tsaya, shi ko birkin bai fara takawa ba. Ƙarfin bugun ma ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi: bugun 50 ya kusa ninka na 30 sau uku. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a tsaida kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 haɗarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Direba kuma me ya rasa? A layi mai tsawon mita 500, bambancin gudun 50 da na 30 daƙiƙa 24 ne kacal.

Yawan mota kuwa ɓarnarsa a ɓoye take. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tsara birane, Donald Appleyard, ya ɗauki layuka uku masu kama da juna a San Francisco ta Amurka. Ɗaya mota kimanin 2,000 ke bi a rana, na biyu wajen 8,000, na uku kusan 16,000. Ya tambayi mazauna su waye abokansu a layin, su wa suka sani. Mutanen layi mai ƙarancin mota suna da abokai ninki uku na mutanen layi mai cunkoso, waɗanda suka sani kuma ninki biyu. Da ya ce su zana masa inda suke ɗauka a matsayin gida, na farko suka zana har da layin, na ƙarshe wasu ɗakinsu kawai suka zana. Shi kansa Appleyard mota ce ta kaɗe shi ya rasu a Athens a 1982.

Saboda haka kafin a kashe ko sisi, a fito da kujera da takarda. Mutum biyu su zauna a bakin layi da safe lokacin tafiya aiki da makaranta, su sake zama da yamma, kwana uku ko huɗu. A ƙirga motoci da babura. Wani ya zauna a ɗaya bakin, a rubuta ƙarshen lambar kowace mota, daga baya a gwama takardun biyu: duk motar da ta shiga nan ta fita can cikin minti biyu ratse ta yi, ba ta da kowa a layin. Gudu ma ana iya auna shi ba da na'ura ba. A auna mita 50 tsakanin alamu biyu, motar da ta cinye su a ƙasa da daƙiƙa 6 ta haura kilomita 30. Wannan takarda ita ce za ta raba gardama a tsakaninku, ita ce kuma abin da injiniyan hukuma zai saurara.

Allo shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi rauni idan shi kaɗai aka kafa. Gwamnatin Birtaniya ta sa an bincika unguwannin da aka sauke iyakar gudu zuwa mil 20 a awa, wato wajen kilomita 32, da allo kawai ba tare da an taɓa hanyar ba. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna raguwar gudun da aka samu ba ta kai mil ɗaya a awa ba. A Landan kuwa, inda aka haɗa iyakar da tudu da matse hanya, wani bincike da ya duba shekarun 1986 zuwa 2006 ya gano cewa waɗanda haɗari ke rutsawa da su sun ragu da kusan kashi 42 cikin ɗari, kuma yara ne suka fi cin moriya. Dalili a fili yake. Direba sau ɗaya yake kallon allo, amma faɗin hanya da miƙewarta suna gabansa ko da yaushe, kuma su ƙafarsa ke yi wa biyayya.

Ban ce allo banza ne ba. Birnin Graz na Ostiriya ya mai da dukkan layukan unguwanninsa na kilomita 30 tun 1992, Sifaniya ta yi wa yawancin titunan biranenta haka a watan Mayun 2021, yankin Wales ya bi sahu da mil 20 a Satumbar 2023. Idan doka ta game gari ko ƙasa, aka haɗa da wayar da kai da tara, tana sauya abin da direbobi ke ɗauka daidai ne. Amma wannan aikin gwamnati ne. Allo ɗaya a bakin layi ɗaya, babu mai tsaron sa, amfaninsa guda ne: yana ba ku hujjar doka ta neman sauran gyaran.

Tudun rage gudu shi ne abin da kowa ke fara ambata, kuma da gaskiyarsu, domin yana aiki dare da rana, ba ya buƙatar ɗan sanda, ba ya kuma cin kuɗi da yawa. Sai dai tudu suna ya tara. Wanda injiniyoyi suka yarda da shi ya samo asali ne daga gwajin da aka yi a cibiyar binciken hanyoyi ta Ingila a 1973: tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, amma shimfiɗarsa ta kai mita 3.7, har ta fi tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya na ƙaramar mota, sai motar ta hau ta sauka a hankali. A gudun 25 zuwa 30 mota na wuce shi lafiya, idan aka haura sai jiki ya gaya wa direba. Yau da yawa sun fi son santimita 7 da rabi. Wanda mutane ke ginawa da kansu cikin fushi kuwa, siriri mai tsini kamar an kwantar da gungume, wani abu ne dabam. Na taɓa tsayawa kusa da irinsa da dare, ba fenti ba fitila. Ƙaramar mota ta zo ta tsaya cak, ta karkace, ta hau shi a kaikaice, duk da haka na ji ƙasanta ya gurza. Tana sauka direban ya taka mai da haushi, kafin ya kai gida na biyar ya fi gudun da ya shigo da shi. Mai babur da ke bayansa bai ko rage ba, ya zame ta ɗan ratar da aka bar wa ruwa a gefe, daidai inda masu tafiya a ƙasa ke bi.

Abin da na gani a daren nan ya tattara laifuffukan tudu kusan duka. Tudu ɗaya tilo yana gyara mita ashirin ne kawai, shi ya sa ake jera su da tazarar mita 60 zuwa 100, don direba ya ga babu ribar taka mai a tsakani. Dole a shafa masa fenti mai ɗaukar ido, a sa shi inda haske yake, a kuma nisanta shi da kwana. Dole a san ta inda ruwan sama zai bi, in ba haka ba tudu ya zama madatsa, ruwa ya kwanta a ƙofar wani, kwalta ta fara cin kanta. Gidan da tudu ke gabansa zai sha ƙarar birki da tashin inji, in kuwa manyan motoci na bi, har girgiza zai ji a bango. Sannan ga motar asibiti: kowane tudu yana ci mata 'yan daƙiƙu, mai karaya ko mai naƙuda da ke kwance a ciki kuma shi ya san abin da ya ji. Don haka aka ƙirƙiro tudun da aka yanka gida-gida kamar matashin kai, wanda mota mai faɗin ƙafa irin ta asibiti ko ta kashe gobara za ta ratsa shi a tsakanin tayoyinta, ƙaramar mota kuwa tilas ta hau. Dabara ce mai kyau inda motoci suka fi yawa. Inda babura suka fi yawa ba ta da amfani, don ta tsakiya za su bi.

A cikin dangin tudu akwai wanda na fi ƙauna, wato mai shimfiɗaɗɗen kai da aka ɗaga daidai da tsayin hanyar masu tafiya a ƙasa, aka zana wurin tsallakawa a kansa. Tsoho ba ya sauka ba ya hawa, mai keken guragu da mai tura keken jariri suna wucewa sumul, yaro kuma ya ɗan ƙara tsayi a idon direba. Motar ce ke hawowa wurin mutane, kuma direba na jin haka. Ya fi tudu na yau da kullum tsada, amma a ƙofar makaranta ko a bakin layi inda ake shigowa daga babban titi, babu kamarsa. A Darussalam ta Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Amend ta yi wa kewayen makarantun firamare irin wannan ƙaramin gyara, tudu da wurin tsallakawa da turaku da hanyar ƙafa, binciken da aka yi kuma ya nuna raunukan da yara ke samu sun ragu da kashi 26 cikin ɗari.

Babbar gazawar tudu ita ce ba ya korar yawancin masu ratse. Idan mota dubu uku ke ratsa layinku don gudun cunkoson babban titi, bayan tudu ma yawancinsu za su ci gaba da bi, sai dai a hankali da ƙarin ƙara.

Matse hanya dabara ce da ke aiki da idon direba maimakon ƙashin bayansa. Hanya mai faɗi, miƙaƙƙiya, wadda ake hango ƙarshenta, kiran gudu take yi. A rage hannun mota zuwa wajen mita 3, a ba hanyar ƙafa abin da ya saura, a dasa bishiyoyi a jere kusa da gefen, sai ƙafa ta sassauta da kanta. Ana kuma lanƙwasa layin da gangan: a ajiye motoci a dama na ɗan tsawo, sannan a mai da su hagu, ko a turo ɗan tsibiri mai shuka daga wannan gefe sannan daga wancan, yadda sitiyari ba zai huta ba. Wani lokaci a matse wuri ɗaya har ya zama mota ɗaya ce ke iya wucewa, mai zuwa ya jira mai tafiya.

Wurin da matsi ya fi biya shi ne kwana, kuma shi aka fi mantawa. Kwana mai faɗin baki tana barin mota ta shigo layi ba tare da ta rage ba, tana kuma tsawaita tazarar da mai ƙafa zai tsallaka. A turo gefen hanyar ƙafa ya cike bakin kwanar, sai direba ya rage dole, mai tsallakawa ya fito fili a gan shi, tafiyarsa a kan kwalta ta gajarta. Haɗe da wannan akwai hana ajiye mota dab da mahaɗa, domin motar da aka ajiye a nan bango ce tsakanin idon direba da yaro. Garin Hoboken na jihar New Jersey ta Amurka ya dage a kan wannan, da fenti da turakun roba kafin siminti, ya kuma yi shekara bakwai a jere daga farkon 2017 ba a rasa rai ko ɗaya a titunansa ba.

Matsi ya fi tudu ta fuskoki da dama. Ba ya jijjiga maras lafiya, ba ya ƙara, kuma filin da aka ƙwato daga mota yana zama inuwa da wurin zama. Layin da ke da bishiya da benci mutane na fitowa cikinsa, fitowar mutane kuma ita kanta tana sa direba taka-tsantsan. Amma ya fi tsada idan da siminti za a yi, musamman in sai an matsar da magudanar ruwa. Lanƙwasar da ba ta kai ba, direba na yanke ta a miƙe da tsakar dare idan ba mai zuwa. Mai keke yana takura a matsatsi idan ba a bar masa rata a gefe ba. Bishiya na son ruwa da kulawa na shekaru, kuma dole a zaɓi wadda saiwarta ba ta fasa hanya, a riƙa sassabe rassanta na ƙasa don kada ta tare gani. Kafin a zuba komai, a kira masu kashe gobara da masu kwasar shara su zo da motarsu su gwada, domin faɗin irin waɗannan motoci ya kai mita 2.5, kuma juyawarsu sai da fili.

Toshe hanyar ratse kuwa ita kaɗai ce ke maganin yawan mota kai tsaye, ita ce kuma ta fi tada jijiyar wuya. Abin da ake yi ɗan kaɗan ne: turaku biyu ko uku, ko manyan tukwanen shuka, a wuri guda a tsakiyar layi. Mai ƙafa da mai keke na wucewa, mota ba ta wucewa. Kowane gida har yanzu mota na isa ƙofarsa, sai dai ta inda ta shigo ta nan za ta fita. Mai ratse ya rasa riba, cikin kwanaki ya daina zuwa. Birnin Groningen na Holan ya raba tsakiyarsa gida huɗu a 1977 ta yadda mota ba ta tsallaka daga wani zuwa wani sai ta koma titin da ya zagaye su. Ghent ta Beljiyam ta yi makamancin haka a 2017. Barcelona ta fara haɗa rukunin gidaje tara wuri ɗaya a unguwar Poblenou a 2016, motoci na bi ta kewaye, na ciki kuma ba sa wuce kilomita 10.

Matsalar ratse ta ƙaru tun da manhajojin nuna hanya suka shiga kowace waya. Layin da da sai ɗan unguwa ya san shi, yanzu baƙon da bai taɓa zuwa garin ba ma wayarsa na tura shi ciki don ya rage minti ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tudu ba ya liƙe wannan tsagar.

Sai dai toshewa ba aikin layi ɗaya ba ne. Ku toshe naku kaɗai, gobe motocin suna layin bayanku, kun sauke kayanku a kan maƙwabta, kuma suna da haƙƙin yin fushi. Dole a ɗauki unguwar gaba ɗaya, duk layukan da ke tsakanin manyan tituna, a tsara su tare. Dole kuma a dubi mazauna bakin babban titin, waɗanda galibi ba su ne masu hali ba, a ba su nasu gyaran: wurin tsallakawa, faffaɗar hanyar ƙafa, bishiyoyi. In ba haka ba an sayi shirun wasu da hayaƙin wasu, kuma ni ban yarda wannan gyara ne ba. Akwai kuma wanda tafiyarsa da mota za ta ƙara tsawo alhali ba shi da zaɓi, kamar naƙasasshe ko mai jinyar tsoho, a saurare shi tun kafin a zana taswira. Landan ta ga fuskokin abin biyu. A ƙaramar hukumar Waltham Forest, inda aka fara aikin wajen 2014, an yi zanga-zanga mai zafi, amma tsarin ya zauna har aka faɗaɗa shi. A 2020 kuwa da aka kafa irinsa da yawa cikin gaggawa lokacin annobar korona ba tare da isasshiyar shawara ba, ƙananan hukumomi irin su Wandsworth da Ealing sun ƙare da cire nasu, ko dai duka ko mafi yawa. Motar asibiti ana warware mata da turken da ake kwantarwa da mabuɗi, ko a bar wurin a buɗe kyamara na tsaro. Babur kuwa duk inda keke ya wuce shi ma zai wuce, don haka inda babura ke da yawa toshewa kaɗai ba ta wadatar, sai an ɗaga wurin an kuma karkata mashigar.

Saura layin da babu iyaka tsakanin mota da mutane, wanda mutanen Holan ke kira woonerf. A Delft aka fara shi a ƙarshen shekarun 1960, dokar ƙasar ta amince da shi a 1976, a zamanin da iyaye suka cika tituna da zanga-zanga bayan haɗarin mota ya kashe yara sama da 400 a shekarar 1971 kaɗai. Daɓe ɗaya ne daga ƙofa zuwa ƙofa, galibi na bulo, da bishiyoyi da benci a warwatse. Mai ƙafa na da ikon bin ko'ina, yara na wasa a tsakiya, mota ba ta wuce kilomita 15, ba a kuma ajiye ta sai inda aka zana. A duk zaɓin nan babu wanda ya kai shi daɗin zama, babu kuma wanda ya kai shi tsada da sharuɗɗa. Sai an fasa layin an sake shi, sai kuma motocin sun riga sun yi kaɗan. Ƙa'idar da aka bi a Ingila ita ce kada su wuce 100 a awar da ta fi cunkoso. Makafi suna da ƙorafi na gaskiya a kansa, domin da gefen hanya sandarsu ke gane inda mota take. Wannan ƙorafi ne ya sa a 2018 gwamnatin Birtaniya ta nemi a dakata da sababbin tituna masu daɓe ɗaya a wuraren hada-hada, ko da yake ta ware layukan unguwa marasa cunkoso. Duk mai son irinsa ya bar wata hanya a jikin gidaje da mota ba ta shiga, mai daɓen da ƙafa da sanda za su bambance. Ya fi dacewa da gajeren layi, ko wanda bakinsa ɗaya, ko sabuwar unguwar da ake zanawa yanzu, domin tun ran gini tun ran zane.

To, wanne za a ɗauka? A koma ga takardar ƙirga. Idan yawancin motocin na mazauna ne amma suna gudu, kuma aljihu bai da nauyi, a jera tudu masu shimfiɗa yadda ya kamata, a ɗaga bakin layin da ƙofar makaranta. Idan layin hanyar motar asibiti ne ko ta bas, a guji tudu na yau da kullum, a matse hanya a gyara kwanoni, a sa masu shimfiɗaɗɗen kai a wurin tsallakawa kawai. Idan rabin motocin ko fiye 'yan ratse ne, kada a ɓata kuɗi a kan tudu da fatan za su tafi. A tara layukan maƙwabta a yi maganar toshewa, duk da ita ce hanya mai wuya. Idan layin ba shi da hanyar ƙafa sam, mutane na tafiya a kan kwalta da mota a bayansu, wannan ke gaba da komai, ko da da turaku da fenti za a fara ware ta. Da ni za a tambaya a layi mai faɗi miƙaƙƙe da bai da wata matsala ta musamman, zan fara da kwanoni biyu na bakinsa da bishiyoyi, domin su ne gyaran da ba ya cutar da kowa, sannan in ga ko ana bukatar ƙari.

Kowanne aka zaɓa, da iznin hukumar da ke da hanyar za a yi. Wanda ya gina tudu da kansa, mai babur ya faɗi a kai da dare, alhakin na wuyansa, a gaban doka da kuma a zuciyarsa. Hukuma ta fi saurin amincewa da gwaji fiye da gini, don haka a nemi wata shida da kayan da ake iya ɗagawa: fenti, tukwanen shuka, turakun roba, tudun roba da ake ɗaurewa da ƙusa. A makonnin farko za a ga ruɗani da ƙorafi, kada a yanke hukunci a lokacin. Bayan wata uku a sake fito da kujerun nan, a rana irin ta farko da awa irin ta farko, a naku layin da layuka biyu na kusa da kuma babban titin. Idan motocin sun ƙaura layin baya ne, a matsar da tukwanen a sake gwadawa kafin a kira masu siminti.